Tsakanin Amana da Takarda: Sababbin Ƙwararru a Kasuwancin Kano

Kasuwancin Kano ya daɗe da tasa hanyar renon mutum tun kafin a san digiri ko takardar shaidar ƙwarewa, kuma ba za a fahimci matasan akantoci da lauyoyi da ma'aikatan banki da suke tasowa a birnin yau ba sai an fara da wannan tsohuwar hanya, domin har gobe da ita kasuwa take auna su. Hanyar ita ce ta ubangida da yaronsa. Kalmar yaro a nan ba ta da alaƙa da ƙarancin shekaru, don akan sami magidanci mai furfura ana ce masa yaron Alhaji wane. Ma'anarta wanda yake juya dukiyar wani a ƙarƙashin inuwarsa. Yakan fara da sharar shago da aike, daga baya a bar masa tsaron shago idan maigida ya tafi masallaci, sannan a riƙa tura shi karɓo bashi, har ta kai ga an damƙa masa kuɗin sarin kaya ya tafi Legas ko Kwatano ko Dubai. Kowane mataki gwajin amana ne, kuma idan ya haye, ubangidan yakan yi masa aure, ya ba shi jari ko ya tsaya masa wurin masu ba da kaya bashi, ya sallame shi ya ci gashin kansa.

Da wannan tsari Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka riƙe fataucin goro zuwa Gwanja, kuma a cikinsa Alhassan Ɗantata ya taso kafin layin dogo ya iso Kano a 1911 ya buɗe ƙofar cinikin gyaɗa, wanda ya mai da shi attajirin da ake kwatance da shi har ya rasu a 1955. Manyan 'yan kasuwa biyu da Kano take alfahari da su a wannan zamani sun haɗa tarbiyyar gida da karatun jami'a. Aliko Ɗangote, wanda aka haifa a 1957, jikan Sanusi Ɗantata ne ta wajen uwa, ya yi karatun kasuwanci a Jami'ar Azhar ta Alƙahira, ya fara da rancen da ya samu a dangi, sannan ya tashi daga shigo da sukari da siminti ya koma sarrafa su. Abdussamad Rabi'u, ɗan Khalifa Isyaka Rabi'u, an haife shi a 1960, ya karanta tattalin arziki a Amurka, ya riƙe harkokin gidansu yana matashi kafin ya kafa BUA a 1988. Abin lura game da su biyun shi ne sun kai wasu daga cikin kamfanoninsu kasuwar hannun jari, inda doka ta tilasta a buga lissafin shekara kowa ya gani, alhali al'adar kasuwar da suka fito ita ce ko na hannun dama ba ya sanin nauyin aljihun maigida. Ba kuma a Kano suka ajiye hedikwatarsu ba, a Legas take.

Tsohon tsarin yana da rauni guda ɗaya babba, kuma ta wannan kafa ce sababbin ƙwararru suka sami shiga. Lissafin attajiri da yawa a kansa yake, ko a wani littafi da shi kaɗai yake gane rubutunsa. Kuɗin shago da na cefane da na zakka da na hidimar 'yan uwa duk aljihu ɗaya suke fita. Bashin da yake bin mutane da wanda ake bin sa kuwa yawanci magana ce ta baki da shaidu biyu. Muddin yana raye al'amura suna tafiya, amma ranar da ya kwanta dama sai a zo rabon gado, matansa su ɗauki tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, 'ya'ya su raba saura, namiji ya sami rabon mata biyu. Shari'a ta ba kowa haƙƙinsa, sai dai idan dukiyar shaguna ce da motoci da kaya a sito, raba ta yana nufin wargaza sana'ar, kuma Kanawa sun sha ganin gidan da sunansa ya cika gari ya zama tarihi cikin shekaru kaɗan. Maganin da lauyoyi da akantoci suke kawowa shi ne a mai da sana'ar kamfani mai rijista, wanda doka take ɗaukarsa a matsayin wani mutum dabam da mai shi, a kasa mallakarsa zuwa hannayen jari. Idan mai shi ya rasu, hannayen jarin ake rabawa bisa ƙa'idar gado, masana'anta kuwa ta ci gaba da aiki, magada su riƙa karɓar ribarsu. Dokar kamfanoni ta 2020 ta sauƙaƙa wannan, domin ta yarda mutum ɗaya tak ya yi wa ƙaramin kamfani rijista, ba sai ya nemo abokin tarayya na jeka-na-yi-ka ba kamar yadda ake yi a da.

Hanyar da akanta yake bi kafin ya kai ga wannan aiki doguwa ce. Yakan yi digiri ko babbar difloma a Jami'ar Bayero, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, ko a sashen Kongo na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, inda aka horar da ma'aikatan mulki da na kuɗi na Arewa tun farko, ko a kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha. Bayan shekarar hidimar ƙasa sai ya fuskanci jarrabawar ƙungiyar ƙwararru, ko ICAN da aka kafa da doka a 1965, ko ANAN da take da kwalejinta a jihar Filato, domin sai da shaidar ɗayansu yake da ikon sa hannu a kan lissafin kamfani hukuma ta karɓa. Waɗanda suke son shugabanci sukan ƙara da digiri na biyu a harkar gudanar da kasuwanci, kuma makarantar kasuwanci ta Jami'ar Bayero, wadda gidauniyar Ɗangote ta gina mata mazauni aka buɗe a 2018, ta rage musu wahalar zuwa kudu neman wannan karatu. Duk da haka, ranar da irin wannan matashi ya shiga ofishin wani babban dila a Kantin Kwari ko kasuwar Singa, takardunsa ba su ne abin da ake fara dubawa ba. Ɗan wane ne, wa ya kawo shi, wa zai tsaya masa, su ne tambayoyin. Aikinsa na farko ma ba ya buƙatar wani zurfin ilimi: ƙirga kayan da suke sito dila-dila, buɗe wa shago asusun banki dabam da na maigida, yanka wa maigidan kansa albashi, da rubuta sunan duk wanda ya karɓi kaya bashi har da surukai. Wannan na ƙarshe shi ne mafi wuya, don a idon dattijon ɗan kasuwa rubuta bashin suruki kamar tozarta zumunci ne, kuma akantan da ya iya shawo kan maigida a wannan gaɓa ba tare da an ce ɗan boko ya zo raba kan dangi ba ya yi abin da babu jarrabawar da take koyar da shi.

Fage na biyu da ya buɗe wa matasa hanya shi ne bankin da ba ya mu'amala da kuɗin ruwa. Shekaru da yawa 'yan kasuwar Kano masu tsantseni suna ajiya a banki amma ba sa karɓar rancensa, saboda haramcin riba, abin da ya taƙaita girman jarinsu ga abin da dangi da abokai za su iya haɗawa. A zamanin da Sanusi Lamiɗo Sanusi yake gwamnan Babban Bankin Najeriya aka fitar da ƙa'idojin irin wannan banki a 2011, bankin Jaiz ya fara aiki a Janairun 2012 da rassa uku a Abuja da Kaduna da Kano, TAJBank ya biyo baya a 2019, Lotus kuma a 2021. Gwamnatin tarayya ma ta fara sayar da sukuk a 2017, wato takardun zuba jari a aikin hanyoyi da suke ba mai su kuɗin haya maimakon ruwa, ta tara naira biliyan 100 a karon farko. Wannan ya haifar da wani sabon nau'in ma'aikaci, wanda ya san lissafin banki ya kuma san babin ciniki a fiƙihu. Idan ɗan kasuwa yana son tirelar taki ba shi da kuɗi a hannu, ma'aikacin ba zai ba shi rance ba. Zai tsara masa murabaha, wato banki ya sayi takin ya mallake shi tukuna, sannan ya sayar masa a kan farashin da aka bayyana uwar kuɗi da ribar da aka ɗora, ya biya kashi-kashi, kuma farashin ba ya ƙaruwa don an yi jinkiri. Tsarin mudaraba kuwa, inda ɗaya yake kawo dukiya ɗaya ya kawo aiki a raba riba, ba baƙo ba ne ga wanda ya karanta Risala a zaure, domin shi ne ƙiradi, kuma kusan shi ne abin da ubangida yake yi da yaronsa tun zamanin ayari. Masu sukar waɗannan bankuna suna cewa ribar murabaha takan yi daidai da ruwan sauran bankuna, suna ne kawai ya bambanta, kuma ma'aikacin da bai iya amsa wannan tambaya a gaban malamin unguwa ba, da wuya ya sami ajiyar almajiransa.

A kasuwar hatsi ta Dawanau aikin ƙwararru ya fi fitowa fili, musamman a cinikin riɗi da zoɓo da citta da ake fitarwa ƙasashen waje. Dillali ya san kaya da ido da tafin hannu, ya san riɗin Jigawa da na Binuwai, amma mai saye a Japan ko Turkiyya ko Meziko alƙaluma yake so: yawan danshi, yawan tsakuwa da ƙaiƙayi a cikin kashi ɗari, da tabbacin babu ragowar maganin ƙwari ko gubar fumfuna. Saboda haka matashin da ya karanta aikin gona ko kimiyyar abinci yake soka bututu a buhu ya ɗebi samfuri ya kai ɗakin gwaji, wani kuma yake bin takardu: rijista da hukumar bunƙasa fitar da kaya, fom ɗin banki da yake tabbatar da cewa kuɗin kayan za su dawo ƙasa, shaidar lafiyar tsirrai daga hukumar killace kayan gona, da sa hannun kwastan. Kuskure ɗaya a cikin waɗannan yana iya sa a mayar da kwantena daga bakin teku bayan an biya kuɗin jirgi, asarar da takan cinye ribar kaka guda. Tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Zawaciki a Janairun 2023 an yi ta ne don a riƙa kammala waɗannan takardu a Kano, ko da yake amfaninta ya rataya ne a kan samun jirgin ƙasa mai ɗaukar kaya a kai a kai.

Mata sun shigo ta wata ƙofa dabam. Matan aure a Kano sun daɗe suna sana'a daga cikin gida ta hannun yara masu talla. Wayar hannu ta fara maye gurbin farantin talla, inda ake baje turaren wuta da atamfa da kayan ƙamshin girki a Instagram da WhatsApp, a biya ta tura kuɗi, ɗan sahu ya kai kaya. Waɗanda suka yi karatu a cikinsu su ne suke ɗaga sana'ar zuwa kamfani mai rijista da lambar NAFDAC, wadda sai da ita manyan kantuna suke karɓar kayan ci da na shafawa. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tura har masu kayan miya karɓar kuɗi ta waya da na'urar POS, kuma wannan ya sa cinikin da a da ba ya barin sawu ya zama yana da tarihi a rubuce wanda banki zai iya dubawa.

Duk da haka gurbin da waɗannan matasa suke da shi a Kano bai kai yawansu ba. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, waɗanda a da suke ɗaukar injiniyoyi da manajoji, da yawansu sun rufe saboda rashin wutar lantarki da kwararowar yadin Sin mai araha, ko da yake injinan casar shinkafa sun farfaɗo da wani sashe, musamman lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Faɗuwar naira bayan Yunin 2023, daga wajen 460 a kan dala ɗaya zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, ta zabge jarin masu shigo da kaya ta kuma rage darajar albashi. Akwai kuma wata matsala da ba a cika faɗa ba, wadda ta shafi matsayin ƙwararren kansa a gidan attajiri. Yaron shago yana haƙuri da ɗan abin da ake ba shi ne saboda ya san akwai aure da jari a gaba. Akanta ko manaja mai digiri kuwa an ɗauke shi a kan albashi, don haka ba ya cikin waɗanda ake sallama da jari, kuma da wuya a ba shi hannun jari a kamfanin da ya taimaka aka tsara, domin ana ganin wannan haƙƙin 'ya'ya ne. Galibi bayan wasu shekaru yakan koma banki ko aikin gwamnati a Abuja ko wani kamfani a Legas, ko kuma ya kama ɗaki biyu a titin Zoo ko titin Murtala Muhammad ya buɗe ofishinsa, ya riƙa yi wa 'yan kasuwa goma ko ashirin lissafi da takardun haraji a lokaci guda, kowannensu yana biyan sa kuɗin aiki a ƙarshen shekara.