Kafin a Ƙara Ginin Madafa, a Tambayi Mai Girki

Kalmar madafa daga aikatau "dafa" ta samo asali, bisa tsarin da ya ba mu makaranta daga karanta, da maƙera daga ƙera. Wato Bahaushe da aikin da ake yi a wuri yake raɗa wa wurin suna. Ita kuwa kicin aro ce daga Ingilishi, kuma a ganina tare da kalmar muka aro fasalin ɗakin, ba mu tsaya mun duba ko ya dace da irin girkinmu ba.

Abin da aka saba gani shi ne, idan iyali suka ƙaru, sai maigida ya kira birkila su shata wuri su biyu, a kashe kuɗi a kan tayil da kabad, amma bayan wata guda sai ka tarar da uwargida a tsakar gida tana tuƙa tuwo a murhun duwatsu uku.

Shi kansa kicin na zamani da lura aka same shi. A 1926 wata mai zanen gine-gine 'yar ƙasar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara wa gidajen ma'aikata na birnin Frankfurt kicin mai faɗin mita 1.9 da tsawon mita 3.4, bisa nazarin zirga-zirgar mai girki. A shekarun 1940 kuma masana a Jami'ar Illinois ta Amurka suka fito da ƙa'idar kusurwa uku, wato murhu da wurin wanke-wanke da firji, jimillar tazararsu kada ta wuce kimanin mita 8. Darasin da ke nan shi ne sun fara kallon mai aikin kafin su zana ɗakin.

Girkinmu kuwa akwai daka da tankaɗe da tuƙi, ga tukunyar suna da ta biki. Kanta mai tsayin santimita 90 ba ta tuƙin tuwon mutum goma sha biyar ba ce, tayil kuma ba ya jure taɓarya. Saboda haka ya kyautu a raba ginin biyu: ɗaki na ciki don gas da firji da wanke-wanke, sai rumfa mai daɓen siminti da murhu a ƙasa. Kada bakin rumfar ya fuskanci gabas, domin daga nan hadarin damina ya fi tasowa. A kuma rage tagogi ta yamma saboda zafin la'asar. Sito ya kasance kusa, a ɗora buhunan hatsi a kan katako don gudun danshi.

Batun iska shi ya fi komai muhimmanci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a 2020, kuma mata da ƙananan yara su suka fi shaƙar hayaƙin. Don haka a yi tagogi masu fuskantar juna, da mafitar hayaƙi can sama, kada kuma a hura gawayi a rufaffen ɗaki. Tukunyar gas a gina mata keji a waje, domin gas ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaye a ƙasa yake taruwa.

Bugu da ƙari, a karkata magudanar ruwa nesa da rijiya, a kuma buɗe ƙofa ta tsakar gida yadda uwa za ta riƙa ganin yara. A Kano, alal misali, ƙarin gini na buƙatar amincewar hukumar KNUPDA, gara a nema tun da wuri.

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin a sayi bulo ko ɗaya, maigida ya zauna da uwargida da duk mai shiga girki, su bi aikin yini guda tun daga kokon safe har tuwon dare, sannan a kira mai zane.