Idan Maganin Rage Ƙiba Ya Tarar da Wani Magani a Jiki

Da wuya a sami wanda likita ya rubuta wa maganin rage ƙiba kuma ya zamana shi kaɗai yake sha. Ƙiba takan zo da 'yan rakiya: ciwon suga, hawan jini, ciwon gwiwa da na baya, kowanne da tasa ƙwayar. Saboda haka sabon magani yakan tarar da wasu sun riga shi zama a jiki, kuma ba dukansu ne ke jituwa da shi ba. Wani zai rage masa ƙarfi, wani shi ne za a rage wa ƙarfi, wasu kuma idan suka haɗu sai aikinsu ya wuce kima. Wannan saɓani yana da dalili, kuma dalilin yana nan a wurin da maganin ke aiki. Magungunan rage ƙiba da likitoci ke rubutawa a yau suna aiki ne a wurare uku: hanji, ciki da ƙwaƙwalwa. Wanda ya san inda nasa ke aiki zai gane abin da ya kamata ya kiyaya.

Na hanji shi ne orlistat, wanda aka fi sani da Xenical, kuma Amurka ta amince da shi a 1999. Yana hana sinadarin da ke narkar da maiƙo yin aikinsa, sai kusan kashi ɗaya cikin uku na maiƙon da aka ci ya fita ta bayan gida. Matsalar ita ce ba maiƙo kaɗai ke fita ba. Bitamin A, D, E da K sai da maiƙo suke shiga jini, don haka ake ba mai shan orlistat ƙarin bitamin ya sha lokacin kwanciya, ko da tazarar awa 2 tsakaninsu. Ƙarancin bitamin K yana da hatsari na musamman ga mai shan warfarin, maganin tsinka jini. Shi warfarin dama hana bitamin K aiki yake yi, to idan bitamin ɗin ya ƙara raguwa sai jini ya tsinke fiye da yadda ake so, a fara haɓo ko dasashi ya riƙa zubar da jini. Irin wannan mutum sai an riƙa gwada jininsa a kai a kai. Levothyroxine, wanda ake ba masu raunin halittar nan ta gaban wuya da kumburinta ke kawo maƙoƙo, yana buƙatar tazarar awa 4 da orlistat. Ciclosporin, da ake ba wanda aka yi wa dashen ƙoda, tazarar awa 3. An kuma sami masu farfaɗiya da ciwonsu ya tashi bayan sun fara orlistat, da masu shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki da ƙwayar cutar ta sake yawa a jininsu. Waɗannan biyun kada su fara shi sai likitan da ke duba su ya sani.

Na ciki su ne alluran da suka yi tashe a 'yan shekarun nan: liraglutide da ake yi kullum, da semaglutide da tirzepatide da ake yi sau ɗaya a mako. An amince da semaglutide don rage ƙiba da sunan Wegovy a 2021, tirzepatide kuma da sunan Zepbound a 2023. Suna kwaikwayon wani sinadari da hanji ke saki bayan cin abinci, wanda ke sanar da ƙwaƙwalwa an ƙoshi, ya sa abinci ya daɗe a ciki, ya kuma taimaka wa jiki ya fitar da insulin idan suga ya hau. Su kaɗai ba kasafai suke kayar da suga ƙasa sosai ba. Hatsarin yana zuwa ne idan mutum yana allurar insulin ko yana shan glibenclamide, glimepiride ko gliclazide. Waɗannan suna tura suga ƙasa ko an ci abinci ko ba a ci ba. An auna adadinsu ne lokacin da mutum yake cin tuwo malmala biyu, yanzu kuwa rabin malmala ta ishe shi, amma ƙwayar tana nan yadda take. Sai karkarwa, da gumi, da jiri, da bugun zuciya, da ruɗewa, har ta kai ga suma. Wanda ya ji haka ya sha ruwan suga ko zuma nan take, sannan ya koma wurin likita a rage masa adadin maganin sugan. Ya fi kyau a yi wannan ragin tun ranar da za a fara allurar. A watan azumi hatsarin yana ƙaruwa, don haka a zauna da likita tun kafin watan ya kama.

Alluran sukan kawo tashin zuciya, amai da gudawa, musamman a makonnin farko. Idan jiki ya rasa ruwa, ga mutum yana shan maganin hawan jini mai sa fitsari, ga diclofenac ko ibuprofen don ciwon gwiwa, to ƙoda ce ke ɗaukar nauyin duka, kuma tana iya gazawa cikin 'yan kwanaki, balle a zafin bazara. Mace mai shan ƙwayar tazarar haihuwa da ta fara tirzepatide ana ba ta shawarar ta koma wata hanyar da ba ta baki ba, ko ta ƙara da kororon roba na mako 4 bayan farawa da mako 4 bayan kowane ƙarin adadi, domin jinkirin da abinci ke yi a ciki yana rage yawan ƙwayar da ke shiga jini. Wanda za a yi wa tiyata ya gaya wa mai ba da maganin barci cewa yana wannan allura, domin ciki na iya zama da sauran abinci ko da an kwana ba a ci komai ba. Sannan Ozempic da Wegovy duk semaglutide ne, magani ɗaya mai suna biyu, ba a haɗa su.

Na ƙwaƙwalwa su ne suka fi buƙatar taka tsantsan. Phentermine, wanda ake amfani da shi tun 1959, yana kashe sha'awar abinci ta hanyar zaburar da jijiyoyi, saboda haka yakan ɗaga bugun zuciya da hawan jini. Duk abin da ke irin wannan aiki zai ƙara masa: maganin mura mai ɗauke da pseudoephedrine, kofi mai yawa, lemon ƙara kuzari, har da goro. Akwai kuma rukunin magunguna irin su phenelzine da selegiline da ke hana jiki kawar da sinadaran da ke zaburar da jijiyoyi. Haɗa su da phentermine na iya harba jini sama har ya kai ga shanyewar ɓarin jiki, shi ya sa ake jira kwana 14 bayan an daina su. Inda aka gauraya phentermine da topiramate, kamar a Qsymia, mace tana buƙatar tabbatacciyar hanyar hana ɗaukar ciki, domin topiramate na iya sa a haifi jariri da tsagaggen leɓe.

Wanda ya fi shafarmu shi ne Contrave, da ake kira Mysimba a Turai, haɗin naltrexone da bupropion. Naltrexone yana toshe wuraren da tramadol, kodin, morphine da pentazocine ke kamawa a ƙwaƙwalwa. Ga wanda jikinsa ya saba da su, ƙwayar Contrave ɗaya ta isa ta jefa shi cikin mummunan hali: amai, gudawa, ciwon gaɓoɓi da fita hayyaci, har a kwantar da shi a asibiti. Don haka ake so a yi kwana 7 zuwa 10 ba a sha ko ɗaya daga cikinsu ba kafin a fara. Ga mai shan su don ciwo, kamar mai sikila, maganin zai daina kashe masa raɗaɗi, idan kuma ya yi ta ƙarawa don ya ji sauƙi numfashinsa na iya tsayawa. Bupropion yana ƙara yiwuwar tashin farfaɗiya, tramadol ma haka, haɗuwarsu ninkin hatsari ne. Gwamnatin Najeriya ta haramta yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018, amma har yanzu akwai masu shan kodin da tramadol a ɓoye, maza da mata, kuma kunya takan hana su faɗa. A nan ɓoyewar na iya cin rai.

Sauran abin kiyayewa shi ne haɗa maganin likita da shayin rage teɓa ko kafson da ake tallatawa a waya. An janye maganin rage ƙiba mai suna sibutramine daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara bugun zuciya da shanyewar jiki, amma hukumomi sun sha gano shi a ɓoye cikin kayan da aka rubuta wa cewa na ganye ne zalla. Da yawan irin wannan shayi kuma zawo kawai yake sawa, ya ƙara wa jiki rashin ruwa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Likita ba zai iya kare mutum daga abin da bai san yana sha ba. Ranar zuwa asibiti a zuba duk abin da ake sha cikin leda a tafi da shi: na asibiti, na kyamis, na gargajiya, jiƙo da gari, da na tazarar haihuwa. A tambayi likita ko mai harhaɗa magunguna wanne za a rage, wanne za a raba wa lokaci, wace alama ce kuma idan an gani za a dawo da gaggawa. Kada kuma mutum ya daina maganin suga, na hawan jini ko na farfaɗiya da kansa don ya ji an ce ba sa jituwa. Yawancin waɗannan matsaloli ana magance su da gyaran adadi, ko tazarar 'yan awoyi, ko sauya magani, muddin an faɗi gaskiya tun kafin a haɗiyi ƙwayar farko.