Tumbi, Shekaru da Ciwon Sukari

Kimanin shekara 1000 ke nan da Ibn Sina, a cikin littafinsa na ɗibbu mai suna Alƙanun, ya siffanta wata cuta wadda ke sa fitsari ya yi zaƙi kamar zuma, ta kuma raunana mazakuta. Ita ce ciwon sukari, wanda a yau fiye da kashi 90 cikin 100 na masu fama da shi nau'i na biyu ne gare su, watau wanda ke shigar mutum sannu a hankali bayan ya manyanta.

Asalin lamarin shi ne, Allah cikin hikimarsa ya halicci wani sinadari, insulin, wanda ke kai sukarin jini cikin tsoka don ta sami ƙarfi. To, idan shekaru suka ja, tsoka ta ragu, zirga-zirga ta yi ƙaranci, kitse kuma ya taru a ciki ya lulluɓe hanta da hanji, sai jiki ya daina sauraron sinadarin nan, sukari ya yi ta yawo cikin jini yana ɓata ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa. Namiji kuwa, da yake ɗabi'ar jikinsa ce ajiye kitse a ciki, ba a cinya da ƙugu ba kamar mace, yakan kamu tun ƙibarsa ba ta kai tata ba. Saboda haka tumbin nan da muke yi wa kirari da alamar arziki, in ya wuce santimita 94 a magwaji, ya zama abin tuhuma.

Dubi cimar magidancin birni: burodi da shayi mai kauri da safe, farar shinkafa da lemon kwalba da rana, a kwalba guda kuwa akwai sukari wajen ƙaramin cokali 9, da dare tuwon shinkafa, sa'an nan a kishingiɗa. Kakansa ma ya ci tuwo, haƙiƙa, amma na dawa da gero, da miyar ganye da wake, kuma da fartanya ya narkar da shi.

Kada dattijo ya ce lokaci ya ƙure masa. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2002, mutanen da ke dab da kamuwa, da aka ɗora su kan rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki minti 150 a mako, haɗarinsu ya ragu da kashi 58. Na 'yan shekara 60 zuwa sama kuwa da kashi 71.

Cutar takan yi shekaru ba ta nuna alama ba. Duk wanda ya kai 35, balle mai tumbi ko wanda ya gada, ya je asibiti da safe kafin ya karya a auna masa jini; in awon sukarin ya nuna 126 mg/dL ko fiye, ya koma a sake, ya ga likita.