Baƙon Edita a Mujallar Lafiyar Yara

A yadda aka saba, mujallar binciken likitoci kamar kasuwa take, kowa da irin hajarsa: wannan ya kawo maƙala kan ƙyanda, wancan kan ciwon zuciyar jarirai, a tantance, a buga su gefe da gefe. Amma wani lokaci babban edita kan ga wata matsala ta kai a tsaya mata ita kaɗai. Sai ya ware mata fitowa sukutum, ya gayyato wani masani daga jami'a ko asibiti ya ja ragamar aikin. Wannan shi ne baƙon edita. Ba ma'aikacin mujallar ba ne, galibi ma ba a biyansa, kuma da zarar fitowar ta isa hannun masu karatu, aikinsa ya ƙare.

Abin da ya fi komai wuya a aikin shi ne na farko, wato tsara tambayar. "Lafiyar yara" ta yi faɗi da yawa. Amma in aka ce me ya sa jarirai ke mutuwa a makonsu na farko, to an sami abin da za a taru a kai. Daga nan sai ya fitar da sanarwar neman maƙaloli, ko ya nemi waɗanda ya san suna da abin faɗa. Kowace maƙala ta zo, sai ya tura wa masana biyu ko fiye su yi mata duban tsanaki. Ɗaya daga cikinsu na iya lura cewa mai bincike kan gudawa ya ƙirga yaran da aka kawo asibiti ne kawai, ya manta da waɗanda suka rasu a gida kafin a samo abin hawa. Ana kuma duba ko iyaye sun amince, domin yaro ba ya iya ba da izini da kansa. A ƙarshe baƙon editan ya rubuta gabatarwa da za ta ɗinke maƙalolin wuri guda. Hukuncin bugawa kuwa, a mujallar kirki, yana hannun babban edita.

Wanda ke son ganin ƙarfin irin wannan aiki ya dubi abin da ya faru a 2003. A watan Fabrairu na shekarar, wasu masana, cikinsu har da Robert Black na Jami'ar Johns Hopkins, da Cesar Victora ɗan ƙasar Brazil, da Jennifer Bryce, suka zauna a garin Bellagio na Italiya. Abin da suka tsara ya fito a mujallar The Lancet ta Landan, ba a fitowa ɗaya ba, a jere ne cikin maƙaloli biyar. Ta farko ta nuna cewa yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da miliyan 10 ke mutuwa duk shekara, kuma rabinsu a ƙasashe shida ne: Indiya, Najeriya, Sin, Pakistan, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo da Habasha. Najeriya ce ta biyu.

Maƙala ta biyun ce ta fi taɓa zuciya. Ta lissafa cewa kusan kashi 63 cikin ɗari na wannan mace-mace ana iya hana shi da abubuwan da tuni suke hannu: shayar da nonon uwa, gidan sauro mai magani, ruwan gishiri da sukari, maganin ciwon huhu. Babu sabon magani ko ɗaya a ciki. Da a warwatse aka buga waɗannan bayanai, da sun ɓace cikin dubban shafuka. Haɗa su da aka yi shi ya sa ministoci da masu ba da tallafi suka kasa kawar da kai. Jerin maƙaloli kan jarirai sabbin haihuwa ya biyo baya a 2005, sai na tamowa a 2008. Zuwa 2022, ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna adadin ya sauko zuwa miliyan 4.9. Ba mujalla ce ta yi wannan ita kaɗai ba, amma ta taimaka wajen nuna inda ya kamata a sa kuɗi.

Sai dai ƙofar da aka buɗe wa baƙo, ɓarawo ma kan bi ta. Inda marubuci ke biyan kuɗin buga maƙalarsa, yawan fitowa ta musamman riba ce ga kamfanin ɗab'i, kuma nan sa ido ke raguwa. An sami baƙin editoci da ke cika fitowa da rubutun abokansu, da waɗanda suka saci sunan wani farfesa suka karɓi aikin. Kamfanin Wiley, wanda ya sayi kamfanin ɗab'i na Hindawi a 2021, ya janye maƙaloli sama da 8,000 daga mujallun Hindawi a 2023, akasarinsu daga irin waɗannan fitowa. A fannin yara abin ya fi ban tsoro, domin likita na iya dogara da maƙalar bogi ya auna wa jariri mai kilo uku magani. Shi ya sa yanzu kundin DOAJ, mai rajistar mujallun da ake karantawa kyauta, ya shar'anta cewa rubutun baƙon edita kada ya wuce kashi 25 cikin ɗari na fitowar, kuma maƙalarsa wani editan daban ne zai duba ta.