Aikin Sake Wa Bindigar Toka Ƙota a Birnin Katsina

Ranar Hawan Salla, idan 'yan bindigar Sarki suka saki wuta a Ƙofar Soro, ƙarar takan ratsa tsofaffin unguwannin birni har gindin hasumiyar Gobarau, wadda ake dangantawa da zamanin Muhammadu Korau. 'Yan kallo hayaƙi suke gani, ƙara suke ji. Kaɗan ne ke lura da itacen da maharbi ya dafe a kafaɗa, watau ƙota, alhali kuwa ita ce takan fara mutuwa a jikin bindiga. Ƙarfe yana iya shekara ɗari idan ana shafa masa mai, amma itace gara tana cinsa, damina ta kumbura shi, hunturu ya tsaga shi.

Irin bindigar da ake magana a kanta ita ce mai ƙanƙara, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Turawa suna danganta sunanta da fataken Denmak da suka yi ciniki a bakin tekun ƙasar Gana ta yanzu, ko da yake da yawa a Birmingham ta Ingila aka ƙera su. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Brussels ta taƙaita shigar da bindigogin zamani cikin yawancin Afirka, amma suka bar ƙofa ga mai ƙanƙara da albarushinta. Wannan yana cikin dalilan da suka sa ta daɗe a hannun mafarauta bayan an daina yayinta a Turai, har maƙeran gida suka koyi ƙera irinta.

Gyaran ƙota aikin mutum biyu ne, maƙeri da masassaƙi, ko da mutum guda ne ya haɗa sana'o'in. Abin farko shi ne a zura sandar ɗuri cikin bututun, a auna a ga ko akwai tsohon ɗuri a ciki, gama albarushi yana iya tashi ko ya shekara talatin a rataye. Sa'an nan a kwance ƙarafa, a duba ko tsohuwar ƙotar za ta gyaru ko sai sabuwa.

Idan sabuwa za a yi, akan nemi itace mai tauri kamar kanya ko maɗaci, wanda ya bushe sarai, domin ɗanye yakan karkace bayan an gama aiki. Gwani yakan daɗe yana juya gungumen yana bin jijiyarsa da ido. Abin da yake nema shi ne jijiyar ta bi ta wuyan ƙota a miƙe, wurin da hannun dama ke kamawa. Nan ne ya fi siranta, nan ne kuma dukan harbi ke bi ya kai kafaɗa. In jijiya ta gitta wuyan, ko ba daɗe ko ba jima ƙotar za ta karye a hannun mai ita.

Mai koyo yakan yi ɗokin fitar da siffa tun farko, kuma nan yake ɓata aiki. Sai an fara zaunar da bututu cikin kwarinsa. Akan shafa masa baƙin fitila, a danna shi cikin itacen, a ɗaga, duk inda baƙi ya taɓa a kankare kaɗan, a sake dannawa. Haka za a yi ta yi har gindin ƙarfen ya jingina da itace ba rata, don idan da rata, kowane harbi tamkar an buga wa ƙotar guduma ne. Bayan wannan a haƙa mazaunin kunama, a tabbata ɗan kwanon albarushi ya yi daidai da kafar da wuta ke shiga, ya kuma manne da bututu. In ya kauce bindiga ta ƙi tashi. In ya bar tsaga albarushi ya riƙa zuba ciki, wata rana ya kama ya fasa itacen dab da fuskar maharbi.

Sai ƙarafa sun zauna ake ɗaukar gizago da magagari a fitar da siffa. A nan jikin mai bindiga ne ma'auni. Daga inda yatsa ke ja zuwa ƙarshen ƙota akan bar inci 13 zuwa 14 ga matsakaicin mutum, a rage wa gajere. Lanƙwasar gindi kuwa ita ke sa ido ya hau kan bututu da zarar kunci ya taɓa itace. A ƙarshe a goge, a shayar da itacen mai, wasu su naɗe shi da jan fata, su buga masa ƙusoshin tagulla.

Akwai inda ya kamata a ɗaga hannu. Tsohuwar ƙota da aka gada, mai layu da sassaƙar mutanen da, shaida ce ta tarihi, kuma abin da magagari ya cinye ba ya dawowa. Wadda ta tsage kaɗan gara a ɗaure ta a ajiye, ko a nemi shawarar gidan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina, a yi wa bindigar hawa wata ƙota dabam.

Har wa yau akwai maganar doka, wadda ma'aikatan hukuma suka fi kowa sani. Dokar Makamai ta 1959 ta ambaci bindigar da ake ɗurawa ta baki, ta kuma sa ƙera ta da gyaranta a ƙarƙashin izinin 'yan sanda. A jihar da ta sha fama da 'yan fashin daji, masassaƙin da aka tarar da bututun bindiga a rumfarsa ba takarda zai sha tambayoyi, ko da ta hawan Salla ce aka kawo masa.