A-kori-kura a bakin Titin Zariya

Kasuwar motoci ta Gyaɗi-Gyaɗi ba ta da ƙofa, ba ta da lokacin tashi. Filaye ne masu shingen waya a bakin Titin Zariya, daga gadar Dangi zuwa wajen asibitin Malam Aminu Kano, wasu kuma sun kutsa cikin Tarauni. Kowane fili da rumfarsa da bencinsa. Da sassafe yara ke bin motocin da tsumma da bokiti, kafin azahar ƙurar hunturu ta mayar da aikinsu baya.

Ƙananan motoci ake jerawa a gaba. A-kori-kura tana can ƙurya, don mai nemanta ba ɗan kallo ba ne. A Amurka ana sayen irin wannan mota don a ja ɗakin kwana mai taya zuwa yawon shan iska. Nan ba mu san wannan ba. Abin da ake ɗaura mata a baya shi ne tankin ruwa zuwa wurin gini, ko janareto, ko injin sussukar masara da za a kai gona a Kura ko Kadawa. Sunan ma tsoho ne, tun zamanin Peugeot 404 da 504, lokacin da kamfanin PAN, wanda ya fara aiki a Kaduna a 1975, yake cika titunan Arewa da motocinsa.

Yau Hilux ce sarauniya. Akwai 'yar Kwatano, kodayake tun 1 ga Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da mota ta iyakar ƙasa, sunan ne ya ƙi mutuwa. Akwai ta hannu, wadda wata ma'aikata ko ɗan kwangila ya gama cin moriyarta. Akwai kuma wadda aka yi wa kwalliyar amarya: samfurin Vigo ce ta tsakanin 2004 da 2015, an sauya mata fitilu da bamba da hanci, ta fito sak sabuwar Revo. Wannan ba laifi ba ne idan an faɗa maka. Ba kullum ake faɗa ba.

"Alhaji, wannan ko sukurudireba ba ta taɓa gani ba," haka dillali zai ce, yana shafa ƙofa. Mai wayo sai ya amsa da "Allah ya sa," ya bar bakaniken da ya zo da shi ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi. Duk cinikin a can yake. Ana duba ƙarfen da ke riƙe da gangar motar, ko an taɓa yi masa walda, ko ya lanƙwashe a wajen da ake ɗaura abin ja. Ana duba sifirin na baya, don motar da ta sha buhunan Dawanau takan zauna kamar jakin da ya gaji. Wadda ta fito daga jihohin sanyi na Amurka, inda ake watsa gishiri a titi saboda ƙanƙara, tsatsa kan cinye ta daga ciki, fenti kuwa yana ta ƙyalli. Sai sitiyari. Tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, amma har yanzu ana shigo da masu sitiyari a dama a juya su a gareji. Motar da za ta ja nauyi, ni dai ba zan yarda da wadda aka yi wa wannan tiyata ba.

Lissafin nauyin ne mutane ba sa son ji. Bayan Hilux ba ya wuce ɗaukar tan ɗaya, wato buhu goma na masara. Sabbin samfuri masu shan gas an rubuta musu jan kilo 3,500, amma da sharaɗin abin da ake ja yana da birkinsa. In babu, iyakar kilo 750 ce. To wane mai walda ne a Kano yake sa wa tirelar tanki birki? Lita 1,000 ta ruwa tan guda ce cur, kuma a gangara ita ke tura motar.

Jefi-jefi ana ganin manyan Amurka, Tundra mai inji lita 5.7 ko Ford F-250. Ƙarfi kam akwai shi. Sai dai tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, masu zagaya su sun fi masu taya su yawa. Ga matsalar kayan gyara: na Hilux, ka aika yaro Ƙofar Ruwa ya dawo da shi kafin la'asar, na Ford kuwa sai a jira Legas.

In an gamsu da ƙarƙashi, sai takardun kwastan, a gwada lambar da ke jiki da ta takarda harafi-harafi. Daga nan a fita gwaji, kuma ba zagayen Court Road ba. A nufi hanyar Wudil da rana tsaka, a kunna na'urar sanyi, ido na kan allurar zafin inji. Idan an dawo, za a tarar da 'yan kayi-nayi uku ko huɗu sun ƙaru a kan benci, kowanne yana cewa shi ya fara yi wa Alhaji sallama, kuma yana jiran la'adarsa.