Agogon alfarma ta intanet: a yi hattara da cinikin biri a sama

Duk mai riƙe da salula a yau, ko a Maraɗi yake ko a Damagaram, ko a Tawa ko a Yamai, yana iya cin karo da hoton agogon Rolex ko Omega a Facebook ko WhatsApp, an ce na kwance ne, mai shi ne ya matsu, kuma ana neman mai saye da gaggawa. Mun ga ya dace mu duba wannan ciniki, domin kuɗin da ke cikinsa ba na wasa ba ne. Agogon da aka sa wa farashin yuro 10.000 ya tashi a kan sefa miliyon 6 da jika 559 da ɗoriya, kafin a yi maganar kuɗin aikowa da na duwan. Wannan jarin ɗan kasuwa ne sukutum.

Kamfanin Rolex dai Hans Wilsdorf ne da surukinsa Alfred Davis suka kafa shi a birnin Landan a 1905, daga baya ya koma Jeneba ta ƙasar Suwis. Sunan da ya yi a duniya shi ya jawo masa masu kwaikwayo. A da, jabun agogo ba ya ɓoyuwa: ba shi da nauyi, rubutunsa a karkace, ruwan zinariyarsa kuma ya koɗe kafin damina ta fita. Yanzu kuwa akwai jabun da ake ƙerawa da ƙarfe mai kyau da gilashi mai kyau, har injin cikinsa an kwaikwayi na ainihi, ta yadda hoto kaɗai ba ya raba gardama.

Duk da haka akwai alamomin da mai saye zai fara da su. Yawancin agogon Rolex ba batir ke tafiyar da su ba, injinsu na bugawa sau 28.800 a awa ɗaya, wato sau 8 a daƙiƙa, shi ya sa hannun daƙiƙa ke tafiya kamar yana sulalewa. Ƙaramin gilashin da ke bisa kwanan wata yana ƙara girman lambar sau biyu da rabi. Tun farkon shekarun 2000 kamfanin ke zana ɗan ƙaramin kambi a jikin gilashi wajen ƙarfe 6, wanda sai da madubin ƙara girma ake ganinsa sosai. A agogon da aka ƙera daga tsakiyar waɗannan shekaru, lambar shaidar agogon tana rubuce a zoben ciki, shi ma wajen ƙarfe 6, kuma wajibi ne ta yi daidai da wadda ke kan katin garanti. Sai dai mu sani, rashin waɗannan alamomi na iya tona asirin jabu, amma samunsu ba ya tabbatar da na ainihi, tunda masu kwaikwayo su ma sun san su. Kwali da kati ma ana buga na ƙarya.

Akwai kuma wata matsalar da ta fi jabu wuyar ganewa, ita ce agogon haɗe-haɗe: jikin na wani agogo, fuskar ta wani, injin na wani dabam. A watan Nuwamba na 2021 gidan gwanjon Phillips ya sayar da wani Omega Speedmaster na 1957 a Jeneba a kan kuɗin Suwis fiye da miliyon 3, kuma kamfanin Omega da kansa ne ya saya. A 2023 kamfanin ya bayyana cewa agogon harhaɗa shi aka yi da sassa dabam-dabam, ya kuma zargi wasu tsofaffin ma'aikatansa uku da hannu a ciki. To, in maƙerin agogo ya faɗa wannan rami, ina ga mai kallon hoto a salula?

Saboda haka masu wannan sana'a ke cewa a fara binciken mai sayarwa kafin agogon. Dandalin Chrono24, wanda aka kafa a Jamus a 2003, yana da tsarin riƙe kuɗin mai saye har sai kaya sun iso hannunsa. A 2020 eBay ya fara tura agogo masu tsada wurin masu tantancewa kafin a kai wa mai saye, amma ba kowace ƙasa tsarin ya shafa ba, sai a bincika. Rolex shi ma a ƙarshen 2022 ya soma sayar da agogon kwance masu takardar shaidarsa ta hannun dilolinsa. Farashinsu ya fi na kasuwa, amma araha ba ta ado. Akwai kuma rajistar The Watch Register ta Landan, inda ake duba lambar agogo don sanin ko na sata ne, domin agogon sata yana iya zama na ainihi, amma ranar da aka gane shi mai saye ya rasa agogo ya rasa kuɗi.

Ga mai saye daga nan ƙasar, shawararmu ita ce: kada ya tura kuɗi ta hanyar da ba a iya maido su zuwa ga wanda bai sani ba. Ya nemi bidiyon agogon tare da takarda mai kwanan ranar, a nuna lambar shaida a fili. In da ɗan uwa ko abokin ciniki a Dubai ko Faransa, ya sa shi ya je ya gani da ido, a kai wa ƙwararren mai gyaran agogo ya buɗe bayansa ya duba injin, kuma a rubuta sharaɗin maido kaya kafin a biya. Mai sayarwar da ya ƙi ɗaya daga cikin waɗannan, ko ya ce a fita daga dandali a gama ciniki a gefe don samun rangwame, ya riga ya ba da amsa.

Allah shi kiyaye dukiyar jama'a, amin.